Gardamar Ɗakin Karatun Nassarawa

Nassarawa, Kano.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga sharrin baƙunta da sharrin mugun aboki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma duk suna gaisuwa. Mu nan sai godiyar Allah.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan innarka za ta sa a rubuto maka. Ran da za ka tafi, muna tsaye a tasha, ka ce mini an sa ka a ofishin da ake duba buƙatun da ake kawo wa gwamnati, a tantance wanda za a ba kuɗi da wanda za a ce ya dakata. Na ce Allah Ya taimaka, jirgi ya yi kuka, ban ƙara komai ba. Amma tun daga tasha har gida zuciyata tana kan wata gardama da aka yi da ni kana ɗan makaranta, wadda ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarinta ba. To, zauna ka ji.

Lokacin muna cikin birni, ina malamin makaranta, Nassarawa kuwa ta Turawa ce. Irinmu ba ya shigowa sai da dalili: ko kuku, ko mai gadi, ko direba, ko mai ban ruwan lambu, ko mai zuwa ofis da takarda a hannu. Nakan zo a kan kekena. Da ka tsallako titin jirgi sai hayaniya ta yanke kamar an rufe ƙofa. Inuwar darbejiya ta haɗe a sama, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar sarƙar kekenka. In ka miƙe gaba kaɗan sai gonakin Badawa, dawa da gero har inda ido ya tsaya. Wannan gidan da muke ciki yanzu na sha wuce shi, ko a mafarki ban taɓa ganin kaina a barandarsa ba.

Abin da ke kawo ni shi ne ɗakin karatu, wanda ku kuke kira laburare. Hukuma ce ta buɗe shi a bakin unguwar, kusa da ofisoshi. Ɗaki ne ɗaya dogo mai rufin kwano, da dogon tebur a tsakiya, da kantocin littattafai a jikin bango. Mai kula da shi Malam Yakubu ne, Kirista, mutumin kudancin Zariya, gajere mai sanƙo mai yawan fara'a. Ƙafafun kantocin duk ya tsoma su a cikin gwangwanayen da ya zuba wa kananzir saboda gara, shi ya sa har yau in na ji warin kananzir haɗe da tsohuwar takarda sai na ji kamar kuruciyata ta dawo. A ɗakin nan na fara ganin taswirar duniya mai juyawa. A nan na fara ganin hoton teku. Abin da na karanta ranar Asabar, shi nake kai wa ɗalibaina ranar Litinin. Ina son ɗakin nan, Abba, so irin wanda ke rufe ido.

Ana dab da samun mulkin kai, buƙatu suka yi wa hukuma yawa, sai aka kafa kwamiti ya duba ko za a ci gaba da ba ɗakin kuɗinsa na shekara-shekara, ko a karkata kuɗin wani wuri. Aka sa ni a ciki a madadin malamai. Shugabanmu wani Bature ne marar yawan magana, yana jin Hausa sosai. Akwai ma'ajin hukuma, akwai wasu dattawa, akwai kuma Alhaji Tanko, attajiri, dillalin gyaɗa mai manyan motoci. Bai yi boko ba, kuma tun kafin ya buɗe baki na riga na yanke a raina cewa shi ne abokin gāba.

A zaman farko ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ni ban ce littafi ba shi da amfani ba. Tambaya nake yi. Kuɗin nan na wane ne? Harajin talakan birni ne da na ƙauye. To, ɗakin ina yake? Nassarawa. Wane talaka ne zai tako daga cikin birni, ya bi ta ƙofar gidaje masu karnuka, ya zo ya tarar da littafin da ba da harshensa aka rubuta ba? Gara a gyara hanyar da ta shiga kasuwa, kowa ya mora."

Kowa a wurin ya san hanyar nan ta ƙofar sitonsa ta bi. Ban bari ya gama jingina ba na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, hanyar nan ba ita ce motocinka suke maƙalewa a cikinta da damina ba?"

Aka tuntsire da dariya, har Baturen ya yi murmushi. Dariyar ta shiga kaina, sai na ƙara da cewa, "Wanda bai san daɗin karatu ba, ai ba za a zarge shi ba in bai san darajar ɗakin karatu ba."

Alhaji ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Malam, na gode." Mutumin da na gaya wa haka ya sauke Alƙur'ani tun kafin a haife ni, kuma zaurensa cike yake da littattafan ilimi a cikin gafaka. Na san da haka, amma a ranar karatu a wurina ɗaya ne kawai, wanda aka rubuta daga hagu zuwa dama.

Na hau keke na koma gida ina jin na yi nasara. Ka lura da abin da na yi. Magana biyu Alhaji ya kawo. Ɗaya tana da son kai a ciki, wato ta hanya. Ɗayar kuwa gaskiya ce tsagwaronta: ɗakin ya yi wa masu biyan kuɗinsa nisa, kuma ba da harshensu yake magana ba. Sai na ɗauki ta farkon na binne ta biyun da ita. Haka za a riƙa zuwa teburinka, ɗana. Za ka san wane yana da riba a cikin abin da yake nema, kuma ya kamata ka sani. Amma sanin ribarsa ba ya amsa hujjarsa. Mai son kansa yakan faɗi gaskiya, mai kyakkyawar niyya yakan yi kuskure. In magana ta fito daga bakin wanda ba ka so, tambayi kanka, da amininka ne ya faɗe ta, da ka karɓa? Kuma ka ji tsoron ranar da ka ba mutane dariya a kan wani. Dariya tana rufe baki, ba ta warware magana.

Kafin zama na biyu na biya wurin Malam Yakubu na ce, "Malam, mutane suna zuwa kuwa?"

Ya ce, "Suna zuwa. Wata rana ma har kujeru ba sa isa."

Bai yi ƙarya ba. "Wata rana" ya ce. Ni ne na yar da "wata rana" a kan hanya, na shiga taro da sauran. Na miƙe na ce, "Ɗakin nan kullum a cike yake, har ana rasa wurin zama." Da zuciya ɗaya na faɗa, domin ni ma ban taɓa ganinsa ba sai a cike. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne ranar Asabar da yamma kaɗai nake zuwa, ranar da jaridu suke isowa, akawuna da malamai suna rige-rigen kujera.

Baturen ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Tunda ga shi nan kusa, mu je mu gani mana."

Tsakiyar mako ne, da hantsi. Muka taka a ƙafa a ƙarƙashin bishiyoyin nan, ina gaba kamar mai kai baƙi gidansa. Muka shiga muka tarar da Malam Yakubu yana kakkaɓe ƙura, sai wani akawu shi kaɗai a lungu yana kwafar wani abu. Kujeru a jere, babu kowa a kai. Na jira Alhaji ya rama dariyarsa, bai rama ba, wannan kuwa ya fi mini zafi. Sai ya bi kantocin a hankali, hannunsa a baya, ya ce, "Malam Yakubu, ina na Hausa?"

Ya nuna masa wani ɗan gefe da bai kai kamu ɗaya ba.

"Na Larabci fa?"

"Babu, Alhaji. Na sha roƙo, ba a aiko ba."

Da za mu fita Malam Yakubu ya ɗan ja hannun rigata ya ce a hankali, "Malam, me ka gaya musu?" Na zare rigata na bi bayan sauran. Maganar da na ƙara wa gishiri don in taimake shi, ita ta sa daga ranar nan kwamiti ya daina gaskata duk abin da ya fito daga ɓangarenmu, har da abin da yake gaskiya.

Saboda haka, Abba, maganar da ta yi maka daɗi ita za ka fi bincike. Wadda ba ka so ai ba sai an ce ka bincike ta ba, zuciyarka da kanta za ta nemo mata aibi. In ka ji "kullum", ko "kowa da kowa", ko "ba wanda ke zuwa", to ka dakata, ko da daga bakinka suka fito. An ce gani ya kori ji, amma gani ɗaya ma yakan ruɗi mutum. Abin da na gani ranar Asabar gaskiya ne, abin da suka gani da hantsin nan shi ma gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga ciki da ya isa a yanke hukunci a kansa shi kaɗai. Ka je da safe, ka koma da yamma, ka tambayi wanda ke zuwa, ka kuma nemi wanda ba ya zuwa ka ji dalilinsa.

Kuskurena na uku shi ne wanda har yanzu yake damuna, kuma ba surutu ne ya jawo shi ba, shiru ne. A zama na ƙarshe na shiga kamar wanda maciji ya sara, ko tsumma na gani sai in ja baya. Ma'aji ya ce, "Hanya ana ganinta, rijiya ana shan ruwanta. Wa zai nuna mana abin da littafi ya haifar? Abin da ba a iya nunawa, ba a kashe masa kuɗin jama'a."

Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma na san amsarta. Na san wani malamin asibiti da ya ci jarrabawarsa da littattafan ɗakin nan, yana can yana duba marasa lafiya. Na san duk yaron da ya zauna a ajina ya sha daga ɗakin nan ko da bai taɓa taka shi ba. Wanda ya shuka giginya ba ya tona ta bayan mako ɗaya don ya ga ko ta yi. Duk wannan yana bakina, amma kunyar abin da ya faru ta danne shi. Na ɗauka shiruna shi ne adalci, shi ne biyan laifina. Da wani dattijo ya ce a raba kuɗin biyu don kowa ya samu, ni na fara ɗaga hannu.

Ka san abin da rabin ya yi? Ɗakin karatu ya rasa jarida da sabon littafi, aka koma buɗe shi jefi-jefi, albashin mai kula da shi ya kasa riƙe iyali. Hanyar kuwa aka zuba mata tsakuwa rabi, ruwan farko ya tafi da ita. Kowa ya samu, ba wanda ya amfana.

Da aka tashi ina kwance kekena daga jikin bishiya, sai na ga Alhaji Tanko ya tsaya a kaina, direbansa yana jiransa. Ya ce, "Malam, ranar da ya kamata ka yi shiru ka yi magana, yau da ya kamata ka yi magana ka yi shiru."

Na ce, "Alhaji, ai abin da kuke so aka yi."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Hanya ina sonta, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ban ce a kashe ɗakin ba. Cewa na yi bai je inda masu biyan kuɗin suke ba. Da ka miƙe ka ce a ɗauke shi a kai birni, a zuba masa abin da za mu iya karantawa, da ni ne farkon mai bin bayanka. Duk zaman nan da muka yi, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni me nake so a yi ba."

Ya shiga motarsa ya bar ni riƙe da keke.

Ka riƙe wannan da kyau. Adalci ba raba abu biyu daidai ba ne. Wani lokaci ɗaya ne mai gaskiya, wani lokaci kowa yana riƙe da wani yanki nata, aikinka shi ne ka gano wanne ne, ba ka yanka tsakiya don a rabu lafiya ba. Kuskuren da ka yi jiya bai ƙwace maka haƙƙin faɗin gaskiya yau ba. Sai ka ce, "Na yi kuskure a waccan, amma wannan ga yadda take." Abin da ba ya aunuwa da mudu kuma ba shi ne babu ba. Sannan kafin ka ɗaura ɗamarar yaƙi da mutum, ka tambaye shi abin da yake so a yi, watakila tafiyarku ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki na je zauren Alhaji na ba shi haƙuri. Ya sa aka kawo fura, ya ce ya wuce. Daga nan muka shaƙu, muka riƙa gardama a kan komai har Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Daga baya an buɗe wani ɗakin karatu kusa da jama'a, amma ba da hannuna ba, wasu ne suka yi abin da na kasa. Malam Yakubu kuwa ya tattara iyalinsa ya koma koyarwa a ƙasarsu. Ya zo gidanmu sallama, watakila kana tuna shi, shi ne ya ba ka fensir mai launi biyu. Bai zarge ni da komai ba, ya ci tuwo, ya yi wa innarka godiya, ya tafi.

Bayan an sami mulkin kai aka ɗaga ni zuwa duba makarantu, aka ba mu gidan nan. Wata shekara rangadi ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Zariya, ina shiga makarantar sai ga Malam Yakubu, sanƙon ya ƙaru, fara'ar tana nan. Muka rungume juna. Bayan an tashi yara ya jawo wani akwatin katako ƙarƙashin bishiyar ɗorawa, ya buɗe. Littattafai ne da tsofaffin jaridu, wasu ya ɗinke su da zare. Yana ba yara aro, da manoman da suka yi yaƙi da jahilci. Ya ce, "Malam, yanzu kai ne hukuma. Ko za a taimaka mana?"

Zuciyata ta ce in amsa nan take, in rubuta cewa ƙauyen gaba ɗaya ya dogara da akwatin nan, in wanke abin da ke raina. Sai na ce masa ya ba ni lokaci. Na ƙara kwana a garin. Na zauna gefe na ga masu zuwa. Na je wurin dagaci, ya ce shi da za a bi tasa, rijiya ce a gaba, na kuma je na ga rijiyar tasu, na tarar yana da gaskiya. Na tambayi waɗanda ba sa aro, wasu suka ce ba su iya ba, wasu suka ce sun karance na Hausan tun bara. Sannan na rubuta abin da na gani: masu karatun ba su da yawa, da damina sukan ragu ƙwarai, da rani su dawo, buƙatar rijiya ta fi gaggawa, kada a taɓa kuɗinta, amma ɗan kabad da sababbin littattafan Hausa ba za su ci wani abu ba, kuma akwai mai riƙe su da amana.

Kafin in tafi na miƙa masa ya karanta. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Ba ka yabe ni ba."

Na ce, "Ban yabe ka ba."

Ya yi dariya ya ce, "To, wannan karon za su yarda."

Suka kuwa yarda. Kabad ɗin ya isa kafin kaka.

Ɗana, takardun da za a riƙa ajiyewa a gabanka, kowace akwai mutane a bayanta da ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba, kuma da mai nema da mai hanawa duk 'yan ƙasarka ne. Ka saurari kowa har ya kai aya. Ka kiyaye sallarka, ka kiyaye harshenka, kada ka ci abin da za ka ji kunyar a sani. In abu ya shige maka duhu ka ce ban sani ba tukuna, ba ta rage mutum.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka basirar rarrabe gaskiya da abin da ya yi kama da ita, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoronSa. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Isa